Yoyon Ƙarfe Da Wayar Hannu: Ƙyalli Daban, Aiki Daban

Akwai abin wasan da kuɗinsa ke haura dala 100, alhali ba shi da batir, ba shi da sikirin, ba ya hawa intanet. Sunansa yoyo: faifai biyu da aka haɗa da ƙusa a tsakiya, a ɗaura zare, a wurga shi ƙasa yana juyi, sannan a dawo da shi hannu. Da yawa za su ce wannan ɓarnar kuɗi ce ta 'ya'yan masu hali. Amma matashin da zai tashi daga Kurugu, ko Karaye, ko Rogo, ya nufi kasuwar Farm Centre a Kano da kuɗin da ya daɗe yana tarawa don sayen waya, yana da abin koyo a wajen maƙeran yoyo. Su dai sun gano cewa fatar ƙarfe da fasalinsa su ke yin aikin, har ta kai yawancin yoyon gasa da gangan ake dushe ƙyallinsu.

Daga katako zuwa alminiyam

Yoyo ya daɗe a duniya, amma kasuwancinsa na zamani ya soma ne a 1928, lokacin da Pedro Flores, ɗan asalin Filifin, ya buɗe masana'anta a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya a Amurka. Daga baya kamfanin Duncan ya saye harkar. Shekaru da dama da katako da roba ake yi. A 1990 wani likitan haƙori mai suna Tom Kuhn ya fitar da SB-2, yoyon alminiyam mai boris a tsakiya. Boris ɗin ya rage gogayya tsakanin zare da ƙusa, sai juyin da ke ƙarewa cikin daƙiƙoƙi ya koma na mintuna.

Yau yoyon gasa yakan yi nauyin giram 64 zuwa 67, faɗinsa wajen milimita 55. Kusan duk ɗaya suke a sikeli. To me ya sa wani ya fi wani?

Inda aka ajiye nauyin

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa ya ga ƙaton wilin ƙarfen nan da ke gefensa: tsakiyarsa ba kauri sosai, bakinsa kuma jibgege. Ba a banza aka yi shi haka ba. Nauyin da ke nesa da tsakiya ya fi riƙe juyi, kuma lissafin ba ɗaya bisa ɗaya ba ne: idan aka ninka nisan sau biyu, ƙarfin riƙe juyin yakan ninku sau huɗu. Wannan ita ce dabarar yoyo gaba ɗaya. Maƙeri yana da giram 65 kacal, aikinsa shi ne ya kwashe su daga tsakiya ya tura baki.

A nan ne irin ƙarfen ke shigowa. Yawancin yoyo ana sassaƙa su ne daga alminiyam mai lamba 6061. Akwai kuma 7075, wanda ƙarfinsa ya kusa ninka na farkon, don haka ana iya sirantar da bangon yoyon ba tare da ya lanƙwashe ba, a mayar da rarar nauyin baki. Wasu kamfanoni, irin su YoYoRecreation na Japan, sun yi suna wajen ɗora zoben ƙarfe marar tsatsa a bakin jikin alminiyam, domin wannan ƙarfen ya kusa ninka alminiyam sau uku a nauyi. Na titaniyam kuwa kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne.

Sai dai ƙarfe mai tsada ba ya gyara mugun aiki. Wanda ya yi wasan katantanwa a kan rairayi yana yaro ya san cewa wadda gefenta ya ɓalle ba ta daɗewa tana juyi, rawa za ta yi ta kife. Haka yoyo: idan rabi ɗaya ya ɗara ɗayan da ɗan abin da ido ba ya gani, zai riƙa karkarwa a kan zare, ko da kuwa da me aka ƙera shi.

Me ya sa ake kashe ƙyallin?

Hankali zai ba mutum cewa ƙarfen da aka goge yana sheƙi kamar madubi shi ya fi santsi. A kan fatar ɗan Adam abin akasin haka ne. Akwai salon wasa da ake barin yoyo yana juyi a kan yatsa, ko tafin hannu, ko damtse. Yoyo mai sheƙi yakan manne wa fata, musamman idan da gumi, juyin ya mutu nan take. Shi ya sa ake fesa masa ƙananan ƙwayoyin gilas da iska mai ƙarfi, su bar miliyoyin ramuka ƙanana a jikinsa. Fata sai ta taɓa kan tudu kawai, gogayya ta ragu, yoyon ya ci gaba da sulɓi.

Amma komai da iyakarsa. Idan feshin ya yi kaushi a wajen da zare ke bi, zai riƙa cin zaren har ya tsinke ana tsakiyar wasa. Ƙwararren maƙeri yakan tausasa wannan wurin. Wato a jikin abu ɗaya, kowane sashe da irin fatar da aikinsa ke bukata.

Launin ma ba fenti ba ne. Ana tsoma alminiyam ne cikin ruwan asid a sakar masa lantarki, sai wani siririn ɓawo mai tauri ya tsiro daga jikin ƙarfen, ya shanye rini, a rufe shi. Wannan ɓawon ya fi alminiyam ɗin da ke ƙarƙashinsa tauri, amma yana da rauni a kan gefe mai kaifi.

Wayar da ke aljihu ma haka take

Irin wannan alminiyam da irin wannan rini su ne a jikin wayoyi masu tsada, kuma manyan kamfanoni sun sha karo da darussan nan a bainar jama'a. A 2014 aka yi ta ƙorafin iPhone 6 Plus tana lanƙwashewa a aljihu. A 2015 Apple ya koma alminiyam na jerin 7000 a iPhone 6s, dangin wanda masu yoyo ke amfani da shi don siranta bango. A 2016 ya fitar da iPhone 7 baƙa wuluk mai sheƙi, kuma shi da kansa ya gargaɗi masu saye cewa za ta riƙa nuna ƙananan ƙarzuwa. A 2023 aka yi ta tallan titaniyam a iPhone 15 Pro, amma a 2025 iPhone 17 Pro ta dawo alminiyam. Titaniyam ya fi tsada da daɗin faɗa, sai dai alminiyam ya ninka shi wajen sau 20 a fitar da zafi.

Wannan magana ta fi shafar mai waya a yammacin Kano fiye da mai waya a Turai. Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, ga shi a watan Afrilu zafin Kano yakan haura 40. Wayar da ba ta iya fitar da zafi takan rage gudu da kanta, batirinta kuma ya yi saurin tsufa. Ga ƙurar hunturu da rairayin hanya, masu ɗauke da ƙwayoyin da suka fi gilas tauri. Ƙwaya ɗaya a aljihu ta isa ta zana bayan waya mai sheƙi. Ga kuma gumi: bayan gilas yakan kwashi maiƙon hannu, ya zame daga kan cinya ko benci, kuma faɗuwa ɗaya daga kan babur ta ishe shi. Kyan ɗan maciji ke nan.

To a raina kyau ke nan?

A'a. Mutum da kuɗinsa yana da damar son abin da zai burge, kuma bayan gilas yana da amfaninsa: yana barin caji marar waya ya yi aiki, abin da bayan ƙarfe ba ya bari. Wani kuma zai ce ai rigar roba ake saka wa waya, don haka fatar ba ta da muhimmanci. Wannan hujjar ita ke kayar da kanta. Idan za a lulluɓe wayar tun ranar farko, me ya sa za a biya ƙarin kuɗi saboda ƙyallin da ba wanda zai sake gani? Balle rigar mai kauri tana ƙara riƙe zafi.

Haka kuma bai kamata a ji kunyar roba ba. Gentry Stein na Amurka ya ci gasar yoyo ta duniya a birnin Prague a 2014 da Shutter na kamfanin YoYoFactory, yoyon alminiyam mai matsakaicin farashi. A 2015 ya ci gasar Amurka da Replay Pro, na roba zalla. Fasali mai kyau da hannu gwani suka yi aikin. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel da ke hannun matasa jikinsu roba ne, kuma roba ba ta tare sabis, ba ta tarwatsewa kamar gilas, canza ta kuma ba ya cin rabin kuɗin wayar.

Saboda haka mai saye ya bar kallon wayar a ƙarƙashin fitilar shago, ya riƙe ta a hannu. Ya ji ko tana zamewa. Ya duba ko bayanta na kwasar tambarin yatsa. Ya shafa gefuna da tudun kyamara, domin nan launi ke fara ɓarewa. Ya kunna bidiyo na wasu mintuna ya ji inda take ɗumi. Ya tambayi mai gyara nawa ake canza bayanta idan ya fashe, kuma ana samunsa a Kano ko sai an yi oda. Rarar kuɗin da ƙyalli zai cinye gara ta tafi kan batir da ma'ajiya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.