Lamba 762 da mudun da aka lotsa gindinsa

Ɗan yayana ne ya ɓata mini rai. Ya miƙo mini waya yana cewa, "Kawu, ai lissafi ba ya ƙarya, Barry Bonds ya fi kowa." Wai don Bonds, mai tsaron bayan fili a wasan besbol na Amurka, ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 762, shi kuwa Hank Aaron 755 ya yi.

Ya aka yi ta zama 762? Kafin shekarar 2000 Bonds bai taɓa wuce 46 a kaka ɗaya ba. A 2001, yana shekara 37, lokacin da gwiwar 'yan wasa ke fara sanyi, sai ga 73. Da aka binciki kamfanin BALCO kan magungunan ƙara ƙarfi, sunansa ya fito. Ya ce bai taɓa sha da saninsa ba, a 2015 kuma kotu ta soke hukuncin da aka yi masa kan batun. To, amma shekara goma masu zaɓe suna ƙin shigar da shi zauren gwanaye na Cooperstown.

Aaron kuwa kaka 23 ya yi yana tarawa, bai taɓa haura 47 ba. Da ya karya tarihin Babe Ruth na yawan tsallakar da ƙwallo katanga a 1974, wasiƙun barazanar kisa ake ta aiko masa don kawai baƙar fata ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan bautar lamba da ta kama yaranmu. Kowace gardama sai a zaro waya. Nawa ya ci? Mabiya nawa gare shi? Kiredit nawa ya samu? Babu mai tambayar ta yaya. Uba ya biya a rubuta wa ɗansa jarrabawa, ya dawo yana nuna wa maƙwabta sakamako. Ƙaton mutum da gemu ya rage shekaru ya shiga ƙwallon yara, mu yi ta tafi. Mai hatsi ya lotsa gindin mudu, ya rantse maka goma ya auna. Goman ce kuwa! Sura guda aka saukar a kan masu tauye awo, tun muna makarantar allo muka haddace ta.

Na mayar wa yaron wayarsa, na ce ya nemo mini labarin Roberto Clemente, ɗan wasan besbol da ya rasu a haɗarin jirgi ranar ƙarshe ta 1972 yana kai agaji Nikaragwa. Har yau yaron bai dawo ba.