Kwali Ba Ya Ɗaure Azara

Duk malamin da ya taɓa karantarwa a Agiye, Gazawa ko Gidan Runji cikin watan Afrilu ya san abin da ake nufi da ajin siminti mai rufin kwano. Kafin hantsi ya dubi ludayi ɗakin ya koma tanderu, yara na gyangyaɗi, alli na jiƙewa a hannu. Wanda ya zana wannan ɗaki yana da takardar shaida, amma da wuya in ya taɓa wuni a cikinsa.

Masu zanen gine-gine na Nijar da yawa a waje suka yi karatu: wasu a makarantar EAMAU ta Lome, wasu a Maroko, Faransa ko Amurka. Babu mai raina wannan ilimi. Abin takaici shi ne yadda mutum ke saukowa daga jirgi ya zarce ofis a Yamai, ya riƙa sa hannu kan zanen makarantun karkara, alhali bai san bambancin jigawa da fadamar Gulbin Kaba ba, bai san tsawon da azara ke iya ɗauka ba, balle inda ake kafa indararo don kada ruwa ya ci gindin bango.

Ana cewa ginin ƙasa ya tsufa, ana kafa hujja da damanar 2024 wadda ta rushe dubban gidaje, har da tsohon masallacin Damagaram. To, ai laka ba ta yi laifi ba. Harsashi marar ƙarfi da barin yaɓe ne ke kayar da soro. Kuma waɗanda ke jiran kuɗin siminti su tuna abin da jiran ya haifar: ajin zana. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye yara fiye da 20 a irin wannan aji a Maraɗi.

Misali kuwa yana nan kusa. Falke Barmu, magini ɗan ƙauye, shi ya gina masallacin Yama a jahar Tawa, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mariam Isufu, wadda ta yi karatu a Amurka, da ita da abokiyar aikinta suka zo Dandaji sai suka nemo maginan da suka san tsohon masallacin garin, suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa, aka kammala a 2018. Kwalinta bai ragu da komai ba.

Saboda haka ya kamata ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasa ta gindaya sharaɗi: duk wanda ya dawo da takarda daga waje ya yi rani guda da damana guda a hannun sarkin magina, ya kwaɓa ƙasa, ya ga yadda ake ɗaure bakan gizo, ya ga abin da ruwan Agusta ke yi wa bango. Shi ma ya koya wa maginan awo da lissafin harsashi, domin su ma suna da nasu giɓin. Sarkin maginan kuma a biya shi ladan malami, a rubuta sunansa a takardar shaidar ɗalibinsa.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su ne ya cancanta su fara tada wannan magana gaban magadan gari, tun da su da ƴaƴansu ke zama cikin ɗakunan. Ranar da aka kawo zanen sabon aji, sai su tambayi mai zanen a hannun wane magini ya yi aiki, kuma damana nawa.