Kafin a Rushe Tsohon Ɗaki



Ga rani ya shigo, lokacin gyaran gida ke nan. Na san akwai gidajen da damina ta bar musu tsohon ɗaki a tsage, maigida yana shirin a rushe a sake gini. Wata za ta ce, "To, ina ruwan mace? Ai sha'anin maza ne." Da ruwanki, uwargida. Maigida zai yi ciniki ya tafi kasuwa, ke za a bari da yara da ma'aikata.

Bara a unguwarmu wani ya ba samari biyu majiya ƙarfi aikin rushe ɗaki, don sun yi masa araha. Suka kama saran bango daga gindi, wai don su gama da wuri. Bangon ya tafi gaba ɗaya, ya haɗa da katangar maƙwabci, ya danne akuya da turmi daidai inda yara suke wasa kullum. Allah ya kiyaye, sun tafi makarantar allo. Har yau gidajen nan biyu gaisuwarsu sama-sama ce.

Saboda haka ki ba maigida shawara cikin ladabi, ya nemi magini wanda ya san aikin. A garuruwa irin su Kano da Zariya akwai Sarkin Magina, ga kuma mai unguwa, sun san na kirki. A tambayi mutumin inda ya taɓa yin aiki, a je a ji daga bakin masu gidan.

In ya zo, tambaya guda ta isa a gane shi: "Malam, ta ina za ka fara?" Masani zai ce daga sama. Zai sauke rufi, ya zare azara ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya bi bango yana ragewa har ƙasa. Shi ma kuwa zai yi nasa tambayoyin: bangon nan na haɗaka ne da maƙwabta? An yanke wutar lantarki? Akwai tsohuwar rijiya ko masai a kusa? Nan ne amfaninki, gama ke kika san lungunan gidan. Wanda bai tambayi kome ba sai kuɗi, a sallame shi.

In ɗakin yana da rufi ko silin na asbestos, kada a yarda a farfasa shi. Ƙurarsa takan kawo ciwon huhu mai tsanani bayan shekaru. A jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungurungum.

Ciniki kuwa a yi shi gaban shaidu, a rubuta. 'Yar makaranta, ga aikinki. A faɗi wanda zai kwashe baraguzai, da wanda zai biya in an yi wa maƙwabci ɓarna, da mai azara da ƙofa. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, kuɗi ce, kada a bari ta bi leburori. Kada kuma a biya lada duka sai wuri ya zama fili. A cikin birni, maigida ya fara jin ta bakin hukumar tsara gari.

Ranar aikin, ki rufe randa da kayan abinci, ki ɗaure awaki nesa, yara kuma a kai su gidan kaka tun da sassafe.