Kada Mu Bar Tsofaffin Makarantunmu Ga Jemagu



Duk damina sai mun ga wani tsohon aji ko zauren karatu ya zube a Garki da ƙauyukanta. Da zarar an yi sabon gini, sai a bar tsohon ga jemagu da awaki. Mu a ganinmu wannan asara ce.

Ku dubi Katsina. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, da ginin ƙasa. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Amma ba a rushe tsohon ginin ba, yau gidan tarihi ne. Haka ma Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya fara makarantar boko a 1909. Yana nan ana ziyartarsa.

Ko a ƙasar Meziko akwai kwalejin San Ildefonso, wadda malaman addinin Kirista suka kafa a 1588. Tun 1992 ta zama wurin baje kolin zane-zane, kuma babbar jami'ar ƙasar tana cikin masu kula da ita.

Wani zai ce, yaya za a mai da wurin karatun addini dandalin wasa? Gaskiyarsa, kuma ba kiɗa muke nema a kai tsangaya ba. Zayyanar allon sauka fasaha ce. Rubutun Alƙur'ani da hannu fasaha ce, haka ajami da zanen bango na magina. Tsohon zaure ya fi ko'ina dacewa da koyar da su, kafin tsofaffin da suka iya su ƙare.

Don haka muna roƙon Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su ɗauki ko da gini ɗaya, su gyara, ɗalibansu su riƙa nuna ayyukansu a ciki.

Mu ma da namu aikin. A wannan hutu, kowa ya tambayi kakansa inda ya fara karatu, ya rubuto mana sunan wurin da halin da yake ciki. Za mu liƙa a wannan bango.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta