Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa

Ranka ya daɗe Babban Sakatare, da sauran shugabannin Hukuma,

Na rubuto muku ne a kan wasu bayin Allah da ba a gayyatar su taro, ba a kuma ambaton su a jawaban ranar 3 ga Disamba da duniya ta keɓe wa masu buƙata ta musamman. Su ne ma'aikatan da ke ɗaga yaro daga shimfiɗa su yi masa wanka, su ba shi abinci a baki, su kai shi bayan gida, su kwana kusa da mai farfaɗiya saboda kada ta tashi masa cikin dare ba kowa. Da za su ajiye aiki na yini guda, da makarantun kwana na makafi da kurame da gidajen kula da nakasassu a ƙasar nan sun tsaya cik. Roƙona kuwa ya shafi wanda ke kansu kai tsaye ne, wato shugaban sashe, ko uwar ɗakin kwanan yara, ko mai raba duti. A hannunsa zaman ma'aikaci ko tafiyarsa yake, kuma shi ne aka bari ba horo.

Mun yi murna da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya a watan Janairun 2019, muka ƙara murna da aka kafa Hukumarku a 2020. Dokar ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su ware wa nakasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Duk wannan abin a yaba ne. To amma akwai wanda ko an gyara masa ƙofar shiga ba zai iya tura kekensa ba. Akwai yaro mai galahanga, akwai mai ciwon laka da ke buƙatar a riƙa juya shi dare da rana don kada gyambo ya fito masa a baya, akwai dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye. Haƙƙin da doka ta ba waɗannan ba ya isa gare su sai ta hannun wani mutum, kuma wannan mutumin kullum a hanyar barin aiki yake.

Kowa ya san kuɗi na cikin dalilan. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, amma dokar albashin ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma da yawa daga cikin gidajen da ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane suka buɗe ba su kai wannan adadi ba. A na gwamnati ma, sau da yawa masu wannan aiki na wucin gadi ne, ba fansho, ba ƙarin girma. Da Birtaniya ta buɗe bizar masu aikin kula da tsofaffi da nakasassu a Fabrairun 2022, 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi tururuwa, har sai da ta fara tsuke ƙofar a Maris ɗin 2024. Aikin da muke yi wa kallon na marasa galihu, wasu ƙasashe jirgi suke sa mutum ya hau ya je ya yi musu.

Na san gyaran albashi ba a hannun Hukumarku kaɗai yake ba, kuma zai ɗauki lokaci. Horar da shugabannin sashe kuwa abu ne da za ku iya farawa nan kusa.

Ku duba yadda mutum ke zama shugaban sashe a wurarenmu. Ya fi kowa daɗewa, sai a ce daga yau kai ne oga. Mai yiwuwa gwani ne wajen lallashin yaro, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake tsara duti da adalci, ko yadda ake gyara wa babba kuskure ba tare da an ci masa fuska ba, ko yadda ake gane ma'aikacin da gajiya ta kusa kayar da shi. Sai ya yi mulki da abin da ya gani ana yi masa, wato tsawa da barazanar kora. 'Yan gaban goshi su sami dutin rana, sabbin zuwa a jibga musu na dare mako bayan mako. Na san wata baiwar Allah a ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje da ta iya maganar hannu fiye da kowa a wurin, yara kurame sun shaƙu da ita har ba sa cin abinci sai ta zo. An yi mata rasuwa, ta nemi kwanaki kaɗan ta je zaman makoki, shugabarta ta ce in ta tafi kada ta dawo. Ta tafi, ba ta kuwa dawo ba. Albashinta bai canja ba a wannan mako, wulaƙanci ne ya kore ta. Yaran ne suka biya kuɗin wannan magana ɗaya, don an yi watanni ba mai jin abin da suke faɗa.

Tun daga ɗaukar aiki ma ake ɓata al'amarin. Suna ne ke zuwa daga sama, da takardar wane ko wayar wance, shugaban sashe sai dai ya ga sabuwar fuska da safe. Wanda aka turo kuma ya zaci kujera da tebur zai samu. Ranar da aka miƙa masa fo da bokitin wanki sai ransa ya ɓaci, ya fara neman canjin wurin aiki, ko ya riƙa leƙowa ƙarshen wata. Gurbin a takarda cike yake, a ɗakin yara kuwa ba kowa. Amurka ma na fama da yawan barin aiki a wannan fanni, kuma masu bincike a Jami'ar Minnesota sun daɗe suna koya wa shugabannin sashe wata dabara mai sauƙi: kafin a ɗauki mutum, a nuna masa aikin yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa. Mu ma ba abin da zai hana mu. Mai neman aiki ya zo ya yini biyu a sashen, ya ga wanka, ya ga wankin zanin da aka ɓata, ya ga yaron da ke cizo idan ransa ya ɓaci, ya kuma ga murnar yaron da ya fara riƙe cokali da kansa. Wanda ya janye bayan wannan ya taimaki kowa. Wanda ya ce zai iya, da sani ya faɗa.

Masu iyawar kuma suna nan a unguwanninmu, ba a dai neman su ne. Akwai matar da ta yi shekaru tana jinyar ɗanta har Allah Ya karɓi abinsa, ta san ɗagawa da kwantarwa fiye da mai difloma. Akwai tsofaffin ɗaliban makarantar Tudun Maliki a Kano da takwarorinta a wasu jihohi, kurame masu ƙarfi da lafiya da ke zaune ba aiki, alhali maganar hannu ita ce harshensu na farko. Ɗaukar irinsu ma zai taimaka wajen cika kashi 5 ɗin da doka ta nema. A ba shugaban sashe bakin magana a wurin intabiyu, a zaunar da iyayen yara, a kuma gayyaci wakilin nakasassun da kansu. Ƙasar Hausa ta daɗe da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan a koya wa mai ɗauka ya lissafa mata nawa yake buƙata da maza nawa, domin ba uban da zai bar 'yarsa budurwa a makarantar kwana in ya ji namiji ne zai riƙa yi mata wanka.

Watannin farko su ne mafi haɗari. A nan ake so shugaba ya haɗa sabon ma'aikaci da wani tsohon hannu mai haƙuri, kada a bar shi shi kaɗai a dutin dare sai ya saba, a nuna masa yadda ake ɗaga babban mutum ba tare da ƙugu ya tafi ba, da abin da ake yi wa mai farfaɗiya, wato a kwantar da shi a gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki kamar yadda aka saba. A zauna da shi lokaci-lokaci a tambaye shi abin da ke damun sa. Wannan tambaya ba ta cin ko kwabo, amma mutanen da ake kira masu kwasar kashi a bayan idonsu, jin shugaba ya ce sannu da aiki a gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, ɗaruruwan maza da yara a wani gidan da aka kira na gyaran tarbiyya, wasunsu a ɗaure da mari. A watan Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sassan ƙasar nan, har da wuraren gwamnati. An sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta kwana a ɗakin marasa lafiya. Ma'aikaci ɗaya da aka bar wa ɗaki guda cike da mutane, ba horo, ba mai duba shi, ba mai karɓar sa, ƙarshenta igiya zai ɗauko ko bulala. Yarinya kurma da aka ci zarafinta, wa za ta gaya wa in shugabar ɗakinsu ba ta jin maganar hannu? Shugaban da aka horar shi ke lura da yaron da ya daina wasa, ko yake firgita in wani ma'aikaci ya shigo, ya kuma san inda zai kai rahoto.

Masu koyarwa ba sai an je waje neman su ba. Makarantar makafi ta Gindiri tana aiki tun 1953. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo tana horar da malamai tun 1977. Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman. Ku tara su su tsara gajeren kwas na shugabannin sashe, a koyar da shi da Hausa da sauran harsunanmu, don da yawa daga cikin uwayen ɗakunan nan turancin bita ba ya shigar su. Kada a yi shi a otal a Abuja a raba jaka da alawus a watse. A bi su jihohinsu, a koma bayan wata shida a ga abin da ya canja. Ku nemi ma'aikatun mata da walwalar jama'a na jihohi su sa satifiket ɗin ya zama sharaɗin naɗa shugaban sashe da na sabunta rajistar gidaje masu zaman kansu. Kowane gida kuma ya ajiye littafin da ake rubuta wanda ya bar aiki, da tsawon zamansa, da dalilin da ya bayar. Shugaban da mutane ke gudu daga hannunsa, littafin zai nuna shi.

Ranka ya daɗe, ina roƙon ku da girman Allah ku sa wannan kwas a kasafin kuɗin Hukuma na shekara mai zuwa, ku fara ko da da jiha ɗaya ce a kowace shiyya, ku kuma sanar da iyayen yaran nan ranar da za a fara.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.