Darasin da Yauri za ta ɗauka daga tarihin Ranchers Bees

Kwanakin baya a wani gidan kallon ƙwallo da ke Yelwan Yauri, na tambayi matasan da ke kusa da ni ko sun san wata ƙungiyar Kaduna da ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe a gasar nahiyar Afirka. Kowa ya yi shiru. Amma da aka ɗauko zancen Arsenal, sai ga su suna jero shekarun da ta ci kofi kamar karatun allo.

Ƙungiyar da nake nufi ita ce Ranchers Bees. Ta faro ne da sunan DIC Bees, a ƙarƙashin kamfanin ƙera makaman soja da ke Kaduna, kafin ta koma hannun Alhaji Mukhtar Aruwa, wanda daga baya ya zama sanata. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kofunan ƙasashen Afirka, inda ta sha kashi a hannun CA Bizertin ta Tunisiya. Shekara ɗaya bayan haka, a 1989, ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma bayan ta doke ASEC ta Abijan. Daga cikinta ne Daniel Amokachi ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990, har ya zura wa Najeriya ƙwallaye a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka.

Sai dai wannan ɗaukakar ba ta ɗore ba. Ƙungiyar ta faɗo daga babban rukuni, ta shafe shekaru masu yawa tana fafutuka a rukuni na biyu. A 'yan shekarun nan ne ɗan wasan Super Eagles, Sadiq Umar, ya shiga cikin masu mallakarta domin farfaɗo da ita. Ya cancanci yabo. Amma a ganina tarihin yana nuna mana ciwon da ke damun ƙwallon Arewa: ƙungiya takan rayu ne a aljihun kamfani ɗaya, ko attajiri ɗaya, ko gwamnati. Ranar da aljihun ya rufe, magoya baya ba su da ta cewa. Raccah Rovers ta Kano, wadda ta lashe gasar ƙasa a 1978, yau sai dai a labarin dattawa.

Me ya haɗa wannan da mu? A duk hutu ana buga gasar unguwanni a Yauri da Ngaski da Shanga, kuma yaran da ke murza leda ba takalmi a bakin tafkin Kainji ba su rasa baiwa ba. Abin da muka saba shi ne jiran ɗan siyasa ya sa kofi gab da zaɓe, ko mu zuba ido ga Kebbi United da ke can Birnin Kebbi. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, ai da yunwa zai kwana.

Shawarata ita ce masarautar Yauri ta gina ƙungiyar da jama'a ne masu ita. 'Yan kasuwar kifi da dillalan albasa da manoman shinkafa da direbobin jiragen ruwa duk suna da ƙungiyoyinsu. Idan kowane mamba zai biya ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, a ba shi kati da ƙuri'ar zaɓen shugabanni, a riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, za a iya farawa daga rukunin NLO a hau sannu a hankali. Ba sabon abu ba ne: mambobi ne ke da Barcelona, a Jamus kuma ƙa'ida ta bar wa mambobi rinjayen ƙuri'a a mafi yawan ƙungiyoyi.

Wani zai ce talauci ya yi yawa, kuma kuɗin mota da masauki da alawus ba wasa ba ne. Gaskiya ne. Ban ce a kori masu hannu da shuni ko gwamnati ba. Su shigo su tallafa, amma ragamar ta zauna a hannun gari. Al'ummar da ke cika bakin ruwa ranar bikin Rigata ba za ta kasa cika filin ƙwallo ba, muddin ta san ƙungiyar tata ce.