Shukar da Ta Dace da Tafki

Tafki mai tsire-tsire ya fi wanda babu kome a cikinsa, gama ganye yana yi wa kifi inuwa, yana kuma sanyaya ruwa. Amma ba kowane tsiro ne ya cancanci a kai shi tafkin makaranta ko na gida ba. Lalle ne mai shuka ya yi zaɓe tun da fari.

Wanda ya fi dacewa shi ne bado. Saiwarsa tana kama ƙasa, ganyensa ya shimfiɗu bisa ruwa, furensa kuwa fari ne mai ban sha'awa. Ana cin 'ya'yansa da tushensa. In an dasa shi cikin tukunya mai laka, aka nutsar da ita, ba zai wuce inda aka ajiye shi ba.

Kainuwa fa, a yi hattara da ita. An ce kainuwa dashen Allah, watau ba ta jiran kowa ya dasa ta. Kan a farga ta rufe ruwa duka, kifi ya rasa iska. Akwai kuma wani irin sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta.

Kacalla ta fi ta ɓarna. Da can kogin Haɗeja yakan janye da rani. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, sai ruwa ya riƙa kwanciya shekara duka. Kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru, ta cinye gonaki, ta hana masunta su. Jan baki kuma suka sami maɓoya cikinta, suna fitowa suna cin shinkafa.

Wurin samo iri ma sai an lura. Ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya, watau fitsarin jini, sukan manne a ƙarƙashin ganyen bado. Saboda haka kada yaro ya shiga kududdufi don ya tuge shi. A nemi malamin gona ya samo tushen. A yanke tsohon ganye, a wanke tushen sarai, a ajiye shi cikin wani mazubi dabam har mako biyu ana dubawa, sa'an nan a kai shi tafki.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa a kan ciyawa. To, ya tambayi manoman Nguru. Rigakafi ya fi magani.